Mai Labule Ta Rasa Abokin Musu

Gidajen layinmu ba su da gefe. Gaba ne da baya kawai, dama da hagu kuwa maƙwabtanka ne. Wanda ya zana su ya jera su ne manne da juna kamar littattafai a kan kanta, kowanne siriri, dogo. Falo da kicin a ƙasa, ɗakunan kwana da banɗakin wanka a sama, a tsakiya kuma ga wata matakala mai ƙunci wadda in za a hau da katifa sai an lanƙwasa ta an haɗa da addu'a. Bango ɗaya ne tsakanina da Mai Labule da mijinta, saboda haka abin da zan faɗa a kansu ba tsegumi ba ne. Ban taɓa kasa kunne ba. Maganar ce take tako ƙafa ta same ni ina shan shayina.

Tun kafin mu tare a layin Mai Labule take ɗinkin labule. Ba ta ɗinka riga, ba ta gyara wando, in ka kai mata ma sai ta dube ka kamar ka kai wa likitan ido ciwon ƙafa. Kekenta na ɗinki yana ƙaramin ɗakin sama na baya, inda hasken safe yake faɗowa daidai kan allura. Tef ɗin awo kullum yana rataye a wuyanta. In ta shigo gidanka, kafin ta gama amsa gaisuwa idonta ya auna tagoginka, ya kuma yanke wa labulenka hukunci. Rabin tagogin unguwar nan ita ta rufa musu asiri.

Mijinta koyar da tuƙi ya yi har ƙarfinsa ya fara ja baya ya ajiye. Motarsa irin mai birki biyun nan ce, ɗaya a ƙafar ɗalibi, ɗaya a tasa. Ɗalibansa sun ce nasu birkin bai taɓa cinyewa ba, domin kafin su taka ya riga su. Daga nan sunan Malam Birki ya bi shi, ya kuma karɓa bai ja ba. A iya sanina, wannan ne abu ɗaya tak da bai yi musu a kansa ba.

Haka suke yanke shawara tun aurensu: ita ta kawo, shi ya ƙi. In ta ce a canza firji, ya ce firjin ya fi su duka lafiya. In ta ce a yi wa falo shuɗin fenti, ya ce shi ba kifi ba ne. Ta ja, ya ja, kwana da kwanaki, har abin ya gaji da kansa ya zauna a tsakiya. A sayi firjin, amma ƙarami. A yi fentin, amma fari. Baƙo in ya ji su zai ɗauka auren ya kusa ƙarewa, mu kuwa mun san harshe da haƙori ne. Wata rana ta faɗa wa matata sirrin abin.

"Ni fa ban san ina son abu ba sai ya hana," in ji ta. "In ya hana na ji raina ya ɓaci, to ina so. In ya hana na ji wani sanyi a raina, daman ba so nake ba, baki ne kawai."

Babban musunsu, wanda ya girme wa 'yarsu, shi ne na gida. Ita tana so a sayar da wannan, a sayi gida mai zaman kansa, mai fili, wanda mutum zai iya zagayawa ya dawo inda ya fara.

"Fili?" zai ce. "Me za ki yi da fili? Jirage za ki riƙa saukarwa?"

"In shanya labule a miƙe, ba a ninke ba. In yi tari ba tare da maƙwabta sun ce mini sannu ba."

Ni ne maƙwabcin. Daga ranar na daina cewa sannu.

Sai ya jero mata dalilansa, waɗanda ni ma na haddace. Irin waɗannan gidaje a bayan gari suke, asibiti da nisa. Gida mai zaman kansa rufinsa ma mai zaman kansa ne, in ya yi yoyo kai kaɗai zai jiƙa. Fili kuma ba ya share kansa. Ita ta ce masa matsoraci, shi ya ce mata mai idon cin duniya, sannan a ji ƙarar cokula, an zauna cin abinci. Wannan musu shi kaɗai ne bai taɓa zama a tsakiya ba, domin gida ba firji ba ne da za a ce a sayi rabi.

Wata safiya yana wanke motar a ƙofar gida, soso ya suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, bai miƙe ba.

Ya daɗe a asibiti. Da aka dawo da shi ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya ɗan karkace, matakalar nan kuwa ta zame masa dutse. Aka kwance gado aka sauko da shi falo, aka tura kujeru jikin bango. A ƙasa ba wurin wanka, sai ɗan bayi a ƙarƙashin matakala wanda ko mai lafiya sai ya sunkuya. Saboda haka a kicin ake masa wanka, a kan kujerar roba, da baho da moɗa, an shimfiɗa tsofaffin tawul don kada ruwa ya bi ƙarƙashin firji. Mai Labule ta koma kwana a doguwar kujera kusa da shi. Da rana in ya yi barci ta hau sama ta zauna gaban keke, ta taka kaɗan, ta tsaya ta saurara, ta sauko.

Maganarsa ta dawo a hankali. Likita ya ce harshen ya warware, yana iya faɗin abin da yake so. Sai dai abin da yake so ya zama kalma ɗaya. A ba shi shayi, ya ce to. A ɗauke shayin, ya ce to. A buɗe taga, to. A rufe, to.

'Yarsu ma'aikaciyar jinya ce, kowa Nas yake ce mata, har uwarta in ta so tsokana. Yarinya ce mai kirki da tsari, irin waɗanda in sun shigo ɗaki sai ka gyara zama. Ita ta kafa doka: kada wanda ya ja magana da Baba, hawan jini ba ya son gardama. Daga nan kowa ya koma yi masa magana ƙasa-ƙasa, ana lallaɓa shi kamar ƙwai. Masu dubiya su yi masa tambayar da suka riga suka amsa da kansu. "Jiki da sauƙi ko? Da sauƙi mana." Shi kuma ya ce to.

Bangonmu ya yi tsit. Matata ta ce gidan ya koma kamar an ɗauke wuta, firji ya daina ƙugi, sai a lokacin ka san da ma yana yi.

Mai Labule ba ta yi kuka ba, aƙalla ba ta bangon da nake jingina ba. Tana yin komai a kan lokaci: magani, juya shi a gado, wanka, wanki. Tana cin abinci a tsaye. Takan ɗora ruwan zafi ta tsaya tana kallonsa har ya ƙone. In ka ce mata yaya mai jiki, ta ce da sauƙi, da irin muryar da ake faɗa wa mutum ƙarfe nawa.

Nas ce ta tayar da maganar gida. Ta ce wanka a kicin ba rayuwa ba ce, ƙugun uwarta ma ya fara ciwo saboda kujerar nan. A sayar da wannan, a nemi gidan ƙasa wanda ba matakala.

"Mama, abin da kika daɗe kina nema ne fa. Faɗuwa ta zo daidai da zama."

Mai Labule ta juya wajen gadon. "Malam, ka ji 'yarka. Wai a sayar da gidan."

"To," in ji shi.

Ta tsaya tana jiran sauran. Babu saura. Washegari ta ce wa matata, "Na saurari raina in ji abin da zai ce, ban ji komai ba. Kamar na yi sallama a gidan da ba kowa."

Tunda ba wanda ya hana, abin ya kama tafiya da kansa. Aka samo dillali, wani mutum mai ƙyallin takalmi da tarin makullai, wanda bai taɓa ganin gida mai aibi ba. In ɗaki ƙarami ne ya ce yana da ɗumi, in rufi ya ɓule ya ce iska na shiga. Ya riƙa zuwa yana ɗaukar Mai Labule a motarsa, matata ta zauna da mai jiki. Mai Labule ta bi shi gida bayan gida. Tana shiga sai hannunta ya kai wuya, ta zare tef, ta bi tagogi ɗaya bayan ɗaya tana aunawa, dillalin na murna yana cewa ai Mama ta yi na'am. Ba na'am ba ne, hannu ne ya saba. Ta dawo ta iya faɗa maka faɗin kowace taga, amma in ka tambaye ta ko gidan ya yi mata, sai ta dube ka kamar ka yi wani yare.

A ƙarshe aka tsaya a kan wani gida a bakin gari. Ba hawa, ƙofofi masu faɗi, banɗaki a cikin ɗakin kwana, ga fili gaba da baya har da bishiya. A lokaci guda wasu sababbin ma'aurata suka zo suka ga nata gidan, suka ce suna so. Amaryar ta ƙwanƙwasa bango ta tambaya ko maƙwabta suna da surutu. Ina jinta, na haɗiye tarina. Dillali ya ce mai gidan can yana son amsa kafin ƙarshen mako, akwai wani mai nema.

Da yammacin ranar Mai Labule ta shigo mana, ta zauna a bakin kujera ba ta ko kalli labulenmu ba, abin da ya tayar wa matata hankali fiye da komai.

"Ki hana ni," ta ce wa matata.

"In hana ki me, Yaya?"

"Sayen gidan. Ki hana ni in ji."

Matata ta gyara zama ta yi iyakar ƙoƙarinta. Ta ce kada ta tafi, za mu yi kewarta, wa zai riƙa ara mana tsani.

"Wannan ba hani ba ne, lallashi ne," in ji Mai Labule. "Ina maigidan?"

Aka kira ni. Na tsuke fuska, na kumbura murya, na kawo maganar asibiti da rufi da shara, har da jiragen. Ta saurare ni har ƙarshe cikin ladabi.

"Hadda ka iya," ta ce. "Amma ba har zuciyarka ba." Ta tashi ta koma, lokacin magani ya yi.

Ana saura kwana ɗaya wa'adin ya cika, Nas ta ce a kai Baba ya ga gidan, a kuma gwada ko kekensa na guragu zai wuce ƙofofin. Motata ce mai faɗin baya, don haka ni na tuƙa. Aka zaunar da shi a gaba, aka ɗaura masa bel. Duk wanda ya taɓa ɗaukar Malam Birki a mota ya san yadda ƙafarsa take danna ƙasa tana neman birkin da babu, bakinsa kuma yana aiki. Ranar nan ƙafar lafiyayyar ma ba ta motsa ba. A wata mahaɗa na jinkirta taka birki da gangan, in ga ko zai tanka. Nas ce ta tanka. Shi yana kallon titi kamar talabijin da aka kashe wa murya.

Gidan yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Keken ya wuce kowace ƙofa ba tare da ya goga ba. Nas ta tura shi har cikin banɗaki ta juyo da shi, tana nuna inda za a kafa ƙarfen da zai riƙa dafawa in zai miƙe. Dillali yana ta buɗe famfo yana rufewa, don mu shaida ruwa ne yake fitowa ba wani abu ba. Aka dawo falo, wanda ba komai a cikinsa sai amsa-kuwwa, aka ajiye keken a tsakiya.

"To, Mama," in ji dillali, yana kaɗa makullai. "Sai mu ce Allah ya sa alheri?"

Kowa ya dube ta. Ita kuma ta dubi mijinta, shi yana kallon gwiwarsa. Ina jin ta ga cewa akwai maganganun da dole a faɗa kafin a sayi gida, kuma mai faɗarsu ba zai faɗa ba. Sai ta fara da kanta, murya a shimfiɗe, kamar mai karanta takardar magani.

"Asibiti da nisa."

"Mama, ga babban titi nan," in ji Nas.

"Rufin nan in ya yi yoyo mu kaɗai zai jiƙa. Filin nan ba zai share kansa ba."

Dillali ya buɗe baki, ta wuce shi. Daga nan ta fita daga haddar, ta shiga abin da ban taɓa ji ta bango ba. In ya faɗi tana ita kaɗai, wa za ta buga wa bango? Masu kawo mata ɗinki tsofaffi ne irinta, wa zai hau mota biyu saboda labule? Ta duba ɗakunan nan duka, babu inda hasken safe yake faɗowa yadda take so. Muryarta ta ɗan tashi, ba sosai ba.

"Ba za a saya ba," ta ce. "Mu koma gida."

Nas ta riƙe baki. Makullan dillali suka yi shiru.

"Za a saya."

Daga keken maganar ta fito, a hankali, kowace kalma tana jan ƙafa. Nas ta durƙusa da sauri. "Baba, kada ka damu kanka, ba sai ka…"

"Ke, matsa. Da uwarki nake."

Mai Labule ta juyo gaba ɗaya. "Rufin fa?"

"Rufi… gyara shi ake yi."

"Kai ka ce asibiti da nisa. Shekara da shekaru kana faɗa."

"Na faɗa. Lokacin ina da ƙafa."

"Wa zai share filin?"

"Ke. Ke kika roƙa."

"Ji mutum! Yau kuma ni ce matsoraciyar?"

"Ke ce." Ya tsaya ya nemi numfashi, yawu ya ɗan zubo ta gefen bakin da ya karkace, ya goge da hannun hagu kafin kowa ya kai masa. "Na gaji da wanka a kicin kamar tukunya. Na gaji da jin tafiyarki a sama."

Dillali, Allah ya saka masa, ya tuna yana da abin dubawa a bayan gida. Na bi shi, muka tsaya muna kallon bishiya kamar ba mu taɓa ganin irinta ba.

Muka kamo hanyar gida. Da muka sauke su, kafin in gama rufe ƙofata, bango ya kama aiki. Muryarta da sauri, tasa tana biye a hankali, tana tsayawa, tana ci gaba. Ta koyi jiransa ya ƙarasa kafin ta ƙaryata shi, abin da ba ta taɓa yi ba yana da lafiya. Nas ta zo da abin awon jini, ya ce ta auna uwarta. Aka roƙi dillali ƙarin kwanaki, ya ce ai daman wancan mai neman ba da gaske yake ba.

Cikin kwanakin nan matata ta same ta tana shanya a baya, ta tambaye ta ta saman katanga ko yanzu ran ya yi magana.

"Ya yi," in ji Mai Labule. "Da ya hana ni komawa, raina ya ɓaci sosai. Ashe nan nake so. Duk shekarun nan, ashe nan nake so."

"To ai sai ku zauna, Yaya."

Ta matse tawul ɗin da ke hannunta, ɗaya daga cikin na shimfiɗa a kicin, ta yarfa shi a igiya. "Ina so, shi kuma ba zai iya ba. Wannan ba musu ba ne."

Duk da haka ta ƙara kwana biyu tana ja, don kada ya saba da cin nasara da arha. Sannan ta kira dillali.

Sun tashi a farkon watan da ya biyo. Kekenta na ɗinki ne ya fi ba masu ɗaukar kaya wahala a matakala, ta tsaya a ƙasa tana kallo ba ta ce a yi hankali ba. Ma'auratan nan sun tare. Mutanen kirki ne, suna magana ƙasa-ƙasa, kuma da alama sun yarda da juna a kan komai, Allah ya ba su lafiya.

Mun je mun gan su sau biyu. Malam Birki yana zama a inuwar bishiyar, ya yi wanka, yana ƙamshin sabulu, yana gaya mata ba haka ake riƙe tsintsiya ba. Ita ta rame kaɗan. Ta ce gidan ya yi mata girma, in ta ajiye almakashi sai ta yi tafiya kafin ta same shi. Matata ta tambaye ta ko ta fara sabawa.

"A'a," ta ce. "Ba na son shi." Ta faɗa ba tare da ɗaci ba, ta zuba mana shayi.

Ba ta sake tako layinmu ba. Masu son labule a nan sai dai su auna da kansu su faɗa mata ta waya, ita da a da ko injiniya ne ya kawo mata awo sai ta je ta sake. Da labulen falonmu ya tsufa, matata ta roƙe ta ta zo, ta ce ƙafa ba ta samu ba, a auna a turo. Matata ta hau kujera ta auna da tef ɗin da muka aro. Labulen ya zo, ɗinki kamar a shago, sai dai ya gaza kaiwa ƙasa da kamar yatsa biyu. Haka muka rataye shi.